Yadda ake gano ciwon suga na garkuwar jiki mai zuwa sannu a hankali ga manya

A yawancin asibitocinmu na Katsina da Daura, da zarar baligi ya zo an auna suga an ga ya hau, abin da ake rubutawa a katinsa ɗaya ne: nau'i na biyu. A ba shi metformin, a haɗa masa da glibenclamide, a ce ya rage tuwo da shinkafa, ya dawo bayan wata guda. Ga mafi yawan mutane hakan daidai ne. Amma a cikinsu akwai waɗanda ciwonsu bai taso daga ƙiba ba. Garkuwar jikinsu ce ta juyo tana cin ƙwayoyin beta na fankiriyas, masu yin insulin, kamar yadda take yi wa yara masu nau'i na ɗaya, sai dai a nan ba ta gaggawa. Tamkar gara ce a rumbu: daga waje gini lafiya lau, hatsi kuwa kullum raguwa yake. Shekara ɗaya, biyu, wani ma biyar, ƙwayoyin sha na riƙe da shi. Ranar da ɗan abin da ya rage ya gaza, sai a kawo shi ranga-ranga. Kafin nan an sha yi masa faɗa wai ba ya kiyaye abinci, alhali ba laifinsa ba ne.

Likitoci na kiran wannan ciwo LADA, gajarcen sunansa na Turanci, sunan da ya fito a 1993 daga aikin Tuomi da Zimmet da abokan aikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rabe-raben da ta fitar a 2019, ta sa shi cikin nau'o'in da suka haɗa siffofi biyu. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka kuwa tana lissafa shi cikin nau'i na ɗaya, wanda ya zo a makare. Ko da wane suna aka kira shi, sharuɗɗa uku aka fi amfani da su: ciwon ya bayyana daga shekara 30 zuwa sama, an samu a jini aƙalla antibodi ɗaya, wato sinadarin da garkuwar jiki ke yi, mai kai wa ƙwayoyin beta hari, kuma mutum ya yi aƙalla wata shida bayan gano ciwon ba tare da ya buƙaci insulin ba. Sharaɗi na uku yana da rauni, domin lokacin fara insulin ya dangana da ra'ayin likita, da aljihun majiyyaci, da tsoron allura. A wurinmu mutum na iya yin shekara biyu bai taɓa insulin ba, ba don jikinsa ba ya buƙata ba.

Ba abu ne mai wuyar samu ba. A babban binciken UKPDS na Birtaniya, kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka ce suna da nau'i na biyu an same su da antibodin GAD, ɗaya daga cikin masu kai wa ƙwayoyin beta hari. Cikin 'yan ƙasa da shekara 35 masu wannan antibodi, kashi 84 cikin ɗari sun koma insulin cikin shekara shida, alhali cikin marasa shi kashi 14 ne kawai. Ga waɗanda suka haura 55, alƙaluman sun sauko zuwa 34 da 5. Wato shekaru na sauya nauyin sakamakon, kuma za mu dawo kan wannan.

Tabbatar da ciwon, da duba ko akwai gaggawa

Kafin a yi maganar nau'i, a tabbatar ciwon suga ne. Jinin jijiya da aka auna a ɗakin gwaji bayan awa takwas ba a ci komai ba ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL. Ko ya kai 11.1 mmol/L, wato 200 mg/dL, awa biyu bayan shan gulukos giram 75. Ko ya kai wannan adadin a kowane lokaci tare da yawan fitsari, ƙishirwa da rama. Ko HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, ya kai 6.5%. Idan babu alamomi a fili, a maimaita gwajin wata rana. A lura da ma'aunin da na'ura ke amfani da shi: ana raba mg/dL da 18 a samu mmol/L. Kuma a wanke hannu da ruwa a busar kafin a soki yatsa, don ɗan yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro na iya ba da adadin da zai tayar da hankali a banza.

HbA1c yana da tarko a yankinmu. Gwajin ya dogara ne da cewa jajayen ƙwayoyin jini na yin kusan wata uku zuwa huɗu kafin su mutu. Mai sikila, wanda zazzaɓin cizon sauro ya farfasa masa jini, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, duk sakamakonsu na iya fitowa ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma yakan ɗaga shi. A irin waɗannan, a dogara da auna sugan kansa.

A ranar farko, duk baligi marar jiki da ya zo da suga sama da 14 mmol/L, ko yana amai, ko ciwon ciki, ko numfashi mai zurfi da sauri, a auna masa kiton, wato sinadarin da ke taruwa a jini idan jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse. A jini, ƙasa da 0.6 mmol/L lafiya ne, daga 1.5 akwai haɗari, 3.0 zuwa sama kuwa sai gado. A fitsari, alamar tarawa biyu (++) ko fiye ta isa a ɗauki mataki. Wannan ba lokacin tantance nau'i ba ne. Ruwan gishiri ta jijiya, insulin da kula da fotasiyam ake buƙata, a asibitin da zai iya. Sau da yawa irin wannan majiyyaci ana ɗaukarsa mai taifot ko maleriya ne, har a ɗaura masa ruwan suga, abin ya ƙara lalacewa. Tsinken gwajin kiton na fitsari yana lalacewa idan an bar kwalbar a buɗe cikin zafi da danshi, saboda haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta, a rufe nan take bayan an zaro ɗaya.

Wa ya kamata a yi zarginsa

Gwajin antibodi yana da tsada, ba kowa za a tura ba. Fourlanos da abokan aikinsa a Ostireliya sun fitar da alamomi biyar a 2006: ciwon ya fara kafin shekara 50, ya zo da alamomi masu zafi, wato ƙishirwa, yawan fitsari da rama, ma'aunin jiki na BMI ƙasa da 25, mutum yana da wani ciwon garkuwar jiki, ko akwai shi a danginsa. A bincikensu, samun biyu ko fiye ya kama kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, wanda kuma ke da alama ɗaya ko babu ko ɗaya, da wuya ya kasance yana da shi.

Ana samun BMI ta raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 58 da tsawon mita 1.70, sai a ce 58 a raba da 2.89, ya ba da 20. A auna da sikeli da awo, kada a ƙiyasta da ido, domin babbar riga da hijabi suna ɓoye rama. A auna ƙugu kuma: santimita 94 ga namiji da 80 ga mace su ne iyakokin da ake amfani da su. A duba bayan wuya da hammata. Baƙin fata mai kauri da laushi a wurin yana nuna jikin da ke ƙin jin insulin, wanda ya fi karkata ga nau'i na biyu. Sai dai ƙiba ba ta kore LADA. Tana rage zargi ne kawai.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. Idan aka ce "ka rame?", yawanci amsar ita ce "a'a, alhamdu lillahi". Gara a ce, "Malam, wandon nan naka, bara ma haka yake maka a ƙugu?" Ga mace, "Hajiya, da dare sau nawa kike tashi kewayawa? Kina kwana da ruwa kusa da ke?" Batun ciwon garkuwar jiki kuwa, ba wanda zai gane shi da wannan suna. Sai a tambayi ko a gidan akwai yaro ko saurayi da ke allurar suga kullum, ko wanda fatarsa ta yi fari-fari a hannu da fuska, ko wanda ake yi wa allurar bitamin B12 a kai a kai, ko mai ciwon maƙoƙo. Maƙoƙon ma sai an bi shi da tambaya, don yana iya zama na ƙarancin aidin ne. Wanda ya zo da fitowar idanu, bugun zuciya da rawar hannu, ko wanda ake shan ƙwayar thyroxine dominsa, shi ne ya fi alaƙa da garkuwar jiki.

Akwai tambayar da ake yi a keɓe, ba a gaban miji ko uwar miji ba: ko tana shan maganin ƙiba irin sha-ka-fashe, ko tana shafa man bilicin. Haka dattijon da ke sayen haɗin ciwon gaɓɓai a kemis. Yawancin waɗannan suna ɗauke da dexamethasone ko danginsa, masu ɗaga suga su kuma rikita duk wani lissafi.

Alama ta shida, wadda a ganinmu ta fi duka amfani a asibitin karkara, ita ce tafiyar ciwon. Mutumin da ke shan maganinsa da gaske, ana ƙara masa ƙwaya, suga na ci gaba da hawa, nauyi na sauka, cikin shekara uku na farko, wannan a daina yi masa wa'azin abinci, a bincike shi.

Antibodi: me ya jawo ciwon

A fara da antibodin GAD, wanda ake rubutawa GAD65. Shi ne aka fi samu ga manya, kuma yana daɗewa a jini shekaru bayan fara ciwon. Idan bai fito ba kuma zargi na da ƙarfi, a nemi wasu antibodi biyu, IA-2 da ZnT8. Antibodin insulin ba shi da amfani sosai ga manya, kuma duk wanda ya yi kusan mako biyu yana allurar insulin jikinsa na iya yin sa, saboda haka sakamakon ba ya nuna komai.

Ba a buƙatar barin abinci. Ana ɗibar jini mililita uku zuwa biyar a kwalbar da ba ta da maganin hana daskarewa, a bar shi ya daskare, a juya shi a inji, a tsiyaye ruwan saman. Idan ɗakin gwajin da ke kusa ba ya yi, sai an aika Kano, Abuja ko Legas, to a nan ake samun ɓarna. A kira ɗakin gwajin kafin a ɗebi jinin, a ji ranar da suke karɓa. Ruwan jinin ya zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8 idan kwanaki kaɗan zai yi, a firiza idan zai daɗe. A kula mai ƙanƙara ake tafiya da shi, ba a aljihun direba ba, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Samfurin da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa saboda ɗauke wuta, kada a dogara da shi.

Wajen karanta sakamako, kada a tsaya ga kalmar "akwai" ko "babu". A duba adadin da iyakar da ɗakin gwajin ya rubuta, don kowane kamfani da tasa iyakar. Adadin da ya ninka iyaka sau da yawa, ko antibodi biyu tare, yana nuna ciwon zai yi sauri, ya fi kama da nau'i na ɗaya. Adadin da ya ɗan leƙa saman iyaka kuwa sai a yi hattara. Ko gwaji mai kyau yakan nuna "akwai" ga kusan mutum ɗaya cikin ɗari na masu lafiya. A ɗauki misali da lissafi: a gwada dattawa dubu masu ƙiba, a ce goma ne kawai cikinsu ke da ciwon garkuwar jiki da gaske. Gwajin zai kama kamar takwas daga cikin goman, ya kuma yi wa kusan goma daga sauran 990 ƙarya. Fiye da rabin waɗanda aka ce suna da shi ke nan ba su da shi. Shi ya sa ba a gwada kowa, shi ya sa kuma ƙaramin sakamako ga mai shekara 60 mai tumbi da hawan jini ba ya sauya masa magani, sai dai a ƙara sa ido. Irin wannan sakamakon ga siririn mai shekara 34 magana ce daban.

Rashin antibodi shi ma ba ya rufe magana. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na manya masu nau'i na ɗaya ba a samun komai a jininsu.

Si-feftaid: nawa ya rage

Antibodi yana faɗin dalili. Gwajin da ake rubutawa C-peptide shi ke faɗin yawan insulin da jiki ke iya yi har yanzu, kuma shi ke yanke hukuncin magani. Fankiriyas na sakin wannan sinadari daidai da yawan insulin da ya saki, allurar insulin kuwa ba ta ɗauke da shi, don haka ana iya auna shi ko mutum na allura.

Ya fi sauƙi a ɗebi jinin cikin awa biyar bayan cin abinci. Koko da ƙosai na safe sun wadatar. Dole a auna suga a lokaci guda, a rubuta shi kusa da sakamakon. Idan suga ya yi ƙasa da 4 mmol/L lokacin ɗiba, ƙwayoyin beta na hutawa ne, ƙaramin adadi ba ya nuna sun mutu; a maimaita. Kada a auna cikin mako biyu bayan an kwantar da mutum saboda kiton ko tsananin hawan suga, don sugan kansa yana dode ƙwayoyin na ɗan lokaci, sai a ga adadi ƙasa da gaskiya. Mai ciwon ƙoda kuma nasa yakan fito sama da gaskiya, tunda ƙoda ce ke fitar da sinadarin. A kwalba mai maganin hana daskarewa na EDTA jinin na iya kai awa 24 kafin a juya shi. A kwalbar da ba komai, a raba shi cikin 'yan awoyi. A tambayi ɗakin gwajin wacce suke karɓa.

Matsayar ƙwararru ta 2020 kan LADA ta raba sakamakon gida uku. Ƙasa da 0.3 nmol/L, kusan 0.9 ng/mL, a yi masa yadda ake yi wa nau'i na ɗaya, allura sau da yawa a rana. Sama da 0.7 nmol/L, kusan 2.1 ng/mL, ana iya bin tsarin nau'i na biyu tare da sa ido. Tsakanin biyun shi ne wurin da ake buƙatar hankali, a maimaita gwajin duk wata shida. Wata matsayar ta 2021 ta ƙungiyoyin Amurka da Turai tana amfani da 200 da 600 pmol/L, wato 0.2 da 0.6 nmol/L. Bambancin kaɗan ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita ma'auni: 0.6 a ng/mL ƙasa ne ƙwarai, 0.6 a nmol/L kuwa tsaka-tsaki ne.

A ɗauki misalin tela mai shekara 38, BMI 20, yana shan metformin miligiram 1000 sau biyu a rana da glibenclamide. Cikin shekara guda HbA1c ya tashi daga 7.4 zuwa 10.2, ya zubar da kilo biyar. GAD ya ninka iyaka fiye da sau ashirin, si-feftaid 0.4 nmol/L lokacin da suga ke 11. LADA ce, a yankin tsakiya, tana gangarowa. A tsayar da glibenclamide, a bar metformin idan ƙoda lafiya, a fara insulin mai dogon aiki da dare, yunit 0.1 zuwa 0.2 ga kowane kilo, wato shida zuwa goma sha biyu ga mai kusan kilo 60, a koya masa auna kiton, a sake gwaji bayan wata shida.

Masu kama da ita

Akwai nau'in da aka daɗe da bayyanawa a Afirka ta Yamma, wanda ke tafiya akasin LADA. Mutum ya zo da kiton da suga mai tsanani kamar nau'i na ɗaya, ba shi da antibodi, bayan makonni ko watanni yana insulin sai ƙwayoyin beta su farfaɗo, har a iya janye allurar. Wancan yana farawa da zafi ya lafa. LADA tana farawa a sanyaye ta tsananta. Kada a janye wa kowa insulin sai an ga si-feftaid ya dawo, kuma a hankali, ana auna kiton.

Sai ciwon suga mai alaƙa da tamowa tun ƙuruciya, wanda Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da shi a 2025 da sunan nau'i na biyar: mutum siriri ƙwarai, babu antibodi, insulin ɗinsa kaɗan ne amma ba kasafai yake yin kiton ba. Akwai na lalacewar fankiriyas, mai zuwa da daɗaɗɗen ciwon ciki da bayan gida mai maiƙo; hoton ciki na iya nuna duwatsu. Dattijon da ya rame da sauri, idanunsa suka yi shawara, a nemi daji a fankiriyas. Idan ciwon ya bi kaka, uwa da ɗa, duk tun suna matasa kuma ba masu jiki ba, a yi tunanin na gado da ake kira MODY. Duk mai suga da ke ramewa kuma, a gwada shi tibi da ƙanjamau kafin a ɗora wa sugan laifi duka.

Idan kuɗin bai kai ba

Manomin da ya taso daga Baure ko Mai'aduwa ba lallai ya iya biyan gwaji biyu ba. Idan ɗaya kawai za a yi kuma ciwon sabo ne, GAD ya fi amfani, don a farko si-feftaid na iya fitowa daidai ko da ciwon na nan. Idan ciwon ya kai shekara uku ko ƙwayoyi sun gaza, si-feftaid ya fi. Idan ba ko ɗaya, sikeli, tsinken kiton da littafin suga su ne kayan aiki: a auna nauyi duk zuwa, a dawo da shi duk wata, kuma siririn da ke ramewa a kan ƙwayoyi biyu a fara masa insulin ba tare da jiran takarda ba.

Magunguna biyu ne ke buƙatar kulawa ta musamman. Dangin glibenclamide, glimepiride da gliclazide suna matsa wa ragowar ƙwayoyin beta. Binciken Tokyo a Japan ya nuna waɗanda aka fara wa insulin da wuri sun fi riƙe nasu insulin fiye da waɗanda aka bari a kan irin waɗannan ƙwayoyi, kuma matsayar 2020 ta ce a guje su. Dangin empagliflozin da dapagliflozin kuma na iya jawo kiton mai haɗari alhali suga bai hau sosai ba, musamman ga siriri mai ƙaramin si-feftaid, ko mai azumi, ko mai gudawa.

Wanda aka tabbatar masa, a auna masa TSH, gwajin aikin maƙoƙo, domin ciwon maƙoƙo na garkuwar jiki na yawan rakiyar wannan, a duba B12 idan akwai ƙarancin jini ko dindiris a ƙafa. Kafin watan Ramadan a zauna da shi: mai ƙaramin si-feftaid yana cikin masu babban haɗari, kuma wanda ya ɗauki azumi ya karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL ko ya haura 300. Inda babu firij, insulin da ake amfani da shi ya zauna a leda mai ɗaurewa cikin sanyin randa a inuwa, a gama shi cikin kusan mako huɗu.

Idan za a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wani babban asibiti, takardar ta ƙunshi shekarunsa lokacin da ciwon ya fara, nauyinsa na da da na yanzu, magunguna da adadinsu da ranar fara kowanne, sakamakon kiton, da adadin antibodi da si-feftaid tare da ma'auninsu da sugan da aka auna a lokacin. A saman katin a rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana zargin LADA kuma kada a tsayar masa da insulin ko da amai ya hana shi cin abinci, domin ma'aikacin da zai karɓe shi da tsakar dare ba lallai ne ya san tarihinsa ba.